Ranar da Aka Kama Baban Bola Saboda Babur Ɗina

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Abuja waɗanda yau ko an matsa mini ba zan iya kawo su daki-daki ba, amma akwai wata Asabar guda a unguwarmu ta Orozo da ta ƙi barin kaina, kuma na san ba za ta bar shi ba har in koma ga Mahaliccina. Ita ce ranar da saura ƙiris a kashe mutum a ƙofar gidanmu saboda wani tsohon babur da nake gyarawa. Har yau in na ji ƙamshin tsamiya a kan wuta, sai ranar ta dawo mini sabuwa fil.

Ni dai tun ina yaro Allah Ya jarabce ni da son babur. Ba irin na 'yan acaɓa ba, a'a, irin na tseren nan mai ƙaton tanki, wanda mai tuƙi ke kwanciya a kansa, wanda mutanen Abuja ke ce wa fawa bayik. Sabo dai ya fi ƙarfin ma'aikacin shagon ɗab'i irina, ko a mafarki. To wata rana a Mararaba na hango wani a bayan garejin wani makaniki, ɗan Japan, tsohon yayi, kaji sun mai da shi wurin kwana. Tanki ya yi tsatsa, kujera ta yage soso a waje, amma ƙirar nan tana nan, sai ka ce yanzu zai zabura. Makanikin ya ce mai shi ya gaji ya ce a sayar. Na duba takardu na ga lafiya lau, na saya. A bayan a-kori-kura aka kawo mini shi gida, rabinsa a tsaye, rabinsa a buhu. Matata ta fito ta riƙe ƙugu, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Maigida, wannan kuma gawar waye ka kwaso mana?" Na ce ta jira ta gani. Ta ce ai jira ya zama dole, tunda a ƙofar ɗakinta aka shimfiɗe ta.

Gidanmu na haya ne, tsakar gida ɗaya muke amfani da ita da sauran maƙwabta. Ƙofarmu na kallon ta wata dattijuwa 'yar Filato, Kirista, mai dafa abincin biki da suna, wadda kowa a layin ke kira Mama. Tsakaninta da matata akwai amana sosai. In Mama ta yi girkin wani taro sai ta aiko mana da namu a kula, in matata ta yi waina ko dambu sai ta kai mata. Kuma ka san al'adar mata, ba a mai da kwano haka nan wayam. In kular Mama ta shigo ɗakinmu, sai ta zauna har ranar da matata ta samu abin da za ta zuba a ciki ta mayar. Ni da nake namiji ban taɓa ɗaukar wannan wani abu ba, ban san ita ce za ta kusa jawo mana jini a ƙofar gida ba.

Na shiga aikin babur ɗin nan ba ji ba gani. Da na dawo daga shago sai in tuɓe riga in shimfiɗa tamfol in zauna. Na kwance shi kaf, na jera notuna a gwangwanayen madara, na kankare tsatsa har yatsuna suka yi kanta. Ban tsaya ga mai da shi yadda yake a da ba. Na cire manyan robobin nan da suka fashe na bar injin a fili, na sauke hannun tuƙin ƙasa kaɗan, na sa mai walda ya ƙera mini gajeren salansa, na canza fitila, na fesa wa tankin baƙin fenti da jan layi guda a tsakiya. Sarƙa da tayoyi duk na sake. Tsohuwar sarƙar da haƙoranta na fitar da su bola a bakin get, tsofaffin tayoyin kuma na jingine su a bango daga waje. Abin da ya rage mini shi ne kafireta. Irin wannan babur guda huɗu gare shi a jere, haɗe da juna, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce mini, "Oga, ka riƙe naka da kyau, irinsa ya ƙare a kasuwa." Ba tare da su ba, duk wahalar da na sha ta tashi a banza.

A cikin wannan aiki ne na fara lura da wani baban bola. Ba yaro ba ne, magidanci ne har da furfura a gemu, siriri, yana tura baro da buhu a ciki, ga sandarsa mai maganaɗisu a hannu. Kullum in ya zo wucewa sai ya tsaya a bakin get ya leƙo. Ba ya shigowa, ba ya roƙo. Sai ya yi sallama, ya ƙura wa babur ɗin ido, can ya ce, "Oga, zai tashi kuwa?" Rana ta farko na yi dariya na ce in sha Allahu. Ya ce shi ma a da acaɓa yake yi, aka kama mashin ɗinsa a cikin gari, shi ke nan bai sake ganinsa ba. Na ce Allah Ya mai da alheri. Amma da abin ya zama kullum, sai zuciyata ta fara yi mini saƙe-saƙe. Me yake dubawa haka? Me ya sa idonsa ke bin gwangwanayen notuna ɗaya bayan ɗaya? Wata rana har na ga yana kallon sakatar ƙaramar ƙofar get, ko kuma dai ni na ga kamar yana kallonta.

A gaskiya ba ni kaɗai nake da wannan zuciyar ba. Lokacin unguwa ta cika da ƙorafi. An kwance wa wani kan famfo, an yanke wa wani wayar wuta, an ɗauke murfin kwalbati a bakin titi, wani ma janareto aka ɗage masa da rana tsaka. Duk wanda ka ji yana ba da labari, ƙarshensa sai ya ce 'yan bola ne. Babu wanda ya kama kowa da hannu, amma duk mun gama yanke hukunci a zuci. Sai na daina amsa masa da fara'a. In ya ce, "Oga, zai tashi kuwa?" sai in ce, "Uhm," in ja tamfol in rufe kayana a gabansa. Shi kuwa bai fasa tsayawa ba, wannan kuma ya ƙara tabbatar mini da cewa akwai abin da yake shiryawa.

Ran Juma'a da yamma na zo kan wankin kafireta. Tsohon fetur ya daskare a cikinsu kamar ɗanko. Makanikin Mararaba ya koya mini dabara, ya ce in tafasa ruwan tsamiya mai kauri in jiƙa su a ciki, amma ruwan ya daɗe da zafinsa. Na tafasa tsamiyata a tsohuwar tukunya lokacin da matata ta tafi barka, sai na tsaya tunanin abin da zai riƙe zafi. Ina ɗaga kai a sito, sai ga kular Mama a kan kanta, doguwa, mai murfin murɗawa, kamar don kafireta aka yi ta. Makon da ya wuce ta aiko mana da shinkafa a ciki. Na san in matata ta gani sai unguwa ta ji mu, don haka na ce a raina kafin gari ya waye sosai zan fitar da kayana, in wanke ta fes in mayar, babu wanda zai sani. Na jera su a ciki, na tuttula ruwan tsamiya, na murɗe murfi. Hadari ya haɗo, ga warin fetur ba zan shigar da ita ɗaki ba, sai na ajiye ta a barandarmu, gefen ƙofa, na kara kujera a gabanta.

Da asuba na tafi masallaci, na dawo na koma barci, barci kuwa mai nauyi irin na wanda ba shi da aiki ran Asabar. Ban tashi ba sai da rana ta ɗaga. Na fito ina miƙa, na janye kujera, wayam. Babu kula, babu alamarta. Na duba ƙarƙashin tamfol, na duba bayan tanki, na duba sito ko matata ta gani ta mayar, babu. Na waiwaya wajen get, sai na ga ƙaramar ƙofa a buɗe. Nan take fuskar baban bola ta faɗo mini a rai, kuma wallahi ban sake tunanin kowa ba. Ko kusa Mama ba ta zo mini ba. Na san za ta tafi garinsu bikin 'yar ƙanwarta, amma ta ce sai ran Lahadi bayan an taso daga coci. Ƙofarta a rufe take, na ɗauka kasuwa ta tafi.

Ni mutum ne mai saurin hawa, wannan kowa ya sani. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya, "An sace mini kafireta! Wallahi an sace!" Matata ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Innalillahi, a ina ka ajiye su?" Na ce, "Nan, a nan bakin ƙofa." Ban ce a cikin kula ba. Ko a cikin wannan tashin hankali, tsoron faɗan matata bai bar ni ba. Maƙwabta suka firfito, masu wucewa suka leƙo. Wani ya ce ai da sassafe ya ga baban bolan nan mai furfura yana tone bola a bakin get ɗinmu. Ni kuma na ce, "Dama kullum sai ya tsaya yana leƙe." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce a kamo shi ba, ban ce shi ne ba. Amma a unguwar da take cike da haushi, wannan kalma ta wadatar.

Kafin azahar sai muka ji hayaniya daga bakin layi. Na fito na ga 'yan sintirin unguwa sun taso shi a gaba, hannuwansa ɗaure ta baya da igiyar shanya, mutane na biye. Tun a hanya an fara. Leɓensa ya fashe, rigarsa ta yage, hularsa ta faɗi wani wuri. Suka durƙusar da shi a ƙofar gidanmu, suka kifar da baronsa, suka zazzage buhun. Gwangwanaye, fasasshiyar tukunya, kan tsohuwar fanka, sai kuma ga sarƙar babur da haƙoranta sun faɗo ƙasa. Wurin ya ɗauki ihu. "Ga shi nan! Ga kayan mashin ɗin nan!" Wani ya ɗauke shi da mari, wani ya kai masa ƙafa a haƙarƙari. Na ce, "Ku tsaya, wannan ni na zubar da su da hannuna," amma muryata ba ta je ko'ina ba. Mutanen da ban taɓa gani ba a layin su ne suka fi kowa zafi. Kowa da abin da aka taɓa sace masa, kowa yana so ya fanshe a jikin mutum ɗaya.

Ana cikin haka sai na ga wani saurayi ya nufi bango ya ɗauko tsohuwar tayar babur ɗina, yana gangaro ta. Wani kuma na ji yana tambaya wa ke da fetur. Tayar da ni na cire, ni na jingine. Duk wanda ya zauna a gefen Abuja ya san abin da ake yi da taya a irin wannan taro.

Allah Ya taimaka ciyaman ɗin layinmu yana gida. Dattijo ne, tsohon ɗan sanda, mutumin Nasarawa, ba ya ɗaga murya amma ana jin maganarsa. Ya ratso mutane ya taka tayar da ƙafa ya ce babu wanda zai sake taɓa kowa sai ya ji daga bakin mai kaya. Ya juyo gare ni ya ce, "Oga, kai ne aka yi wa sata. Ka gan shi ya ɗauka?" Ido duk ya dawo kaina. Ba zan yi maka ƙarya ba, a wannan lokacin zuciyata ba ta da shakka ko kaɗan cewa shi ne. Ina ganin wahalar da na sha, ina ganin babur ɗina zai koma wurin kwanan kaji. Wani daga baya yana cewa, "Ka faɗa mana, Alhaji, shi ne!" Mutumin ya ɗago kai, jini na bin gemunsa, ya ce, "Oga, ka ji tsoron Allah. Wallahi kallo kawai nake yi." Ko wannan ma a kunnena kamar wayo ya zo mini. Amma tambayar da aka yi mini ba ita ce me kake zato ba. Sai na ce, "Ban gan shi ba."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce na cika tsoro, wani ya ce irinmu ne ke ɗaure wa ɓarayi gindi. Ciyaman bai kula su ba. Ya ce, "To, abin da aka sace ɗin, yaya girmansa? A ƙasa ka zube shi, ko a cikin wani abu yake? Mu san me muke nema." Na waiga na ga matata a bakin get da mayafi a ka, tana kallona. Na yi ƙasa da murya na ce, "A cikin kula suke." Ta ce, "Wace kula?" Na ce, "Ta Mama." Ta ce, "Kular Mama ka zuba wa ƙarafa?" Na ce ai jiƙa su na yi a ruwan tsamiya, don su wanku.

Ina faɗin tsamiya sai na ga fuskarta ta canza. Ta tafa hannu ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Ciyaman, don Allah kada a taɓa bawan Allahn nan, ku ba ni minti ɗaya." Ta juyo gare ni ta ce, "Maigida, na yi wa Mama alkawari ranar tafiyarta zan dama mata kunun tsamiya in zuba mata a kularta ta tafi da shi. Kai kuma ka ajiye mata kula a bakin ƙofa da ɗuminta, tana ƙamshin tsamiya!" Sai wata maƙwabciya ta ce ai kuwa Mama da asuba ta tafi, motar da za ta ɗauke ta Lahadi ce ta zo yau, ta ga direba na fitar mata da kaya ta ƙaramar ƙofa.

Matata ta hau kiran waya. Ba ta shiga. Ta sake, ba ta shiga. Garin su Mama a cikin duwatsu yake, sabis sai an yi sa'a. Mutane suka fara motsi, wani ya ce ai wannan shiri ne kawai na miji da mata don su kuɓutar da ɓarawo. Saurayin nan har yanzu yana tsaye kusa da taya. Ni kuwa addu'ar da ban yi ba ita ce wadda ban iya ba. Kuma ka ji ikon Allah, har a wannan lokacin wani ɓangare na zuciyata yana cewa, in fa ba Mama ba ce? In fa shi ne ɗin?

Can wayar ta shiga. Matata ta buɗe murya kowa ya ji. Ko gaisuwa Mama ba ta tsaya yi ba. "Maman yara! Me na yi muku? Me na yi muku a duniyan nan?" Tana magana tana haki. Ashe ta fito da asuba ta ga kularta a ƙofarmu, ta ɗan murɗa murfi ta ji ɗumi da ƙamshin tsamiya, ta ce Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta so ta tashe mu daga barci, ta ɗaure kular da ɗankwali ta sa a but. Da suka isa, a gaban surukai da matan zumunta ta ce a kawo kofuna a sha kunun maƙwabciyarta Bahausa. Ta zura ludayi, sai ji ta yi ƙwal. Ta leƙa ta ga baƙin ruwa da wani ƙarfe mai baki huɗu yana kallonta. "Wayyo Yesu! Mutane suka watse! Yanzu haka ƙarfen yana can gindin mangwaro, ba wanda ya yarda ya taɓa, an kira fasto ya yi addu'a. Baban amarya ya ce asiri ne aka yi wa bikin, a kai shi rafi a jefar!" Ban san lokacin da na fizge wayar ba na ce, "Mama, don girman Allah kada a jefar! Kafireta ne! Na babur ne!" Sai ta ce, "Kai ne ko? Bari in dawo."

Wurin ya fashe da dariya. Har da masu riƙe ciki, har da wanda ya nemi fetur. Ni ma na fara dariyar, ta sauƙin da na ji. Sai idona ya faɗa kan mutumin da ke durƙushe a ƙasa. Shi bai yi dariya ba. Kansa a sunkuye, kafaɗunsa na rawa, hannuwansa har yanzu a ɗaure, don kowa ya shagala da labarin kunu an manta da shi. Nan take na daina dariya. Ni na durƙusa na kwance igiyar, ta riga ta yi masa shata a wuyan hannu.

Kafin in ɗago, rabin taron ya zame. Waɗanda suka fi kowa duka su suka fara ɓacewa. Ciyaman ya ba shi haƙuri, ya yi wa 'yan sintiri faɗa, matata ta kawo ruwa a buta tana hawaye. Ya kuskure baki, ya tofar da jini da guntun haƙori. Na ce ya zo in kai shi kemis, ya girgiza kai. Na ce ya yafe mini, ya ce, "Ba komai, Oga," irin ba komai ɗin da ya fi zagi ciwo. Ya tsuguna yana tsince gwangwanayensa ɗaya-ɗaya yana mayarwa buhu. Da ya zo kan sarƙar nan, sai ya ɗauke ta da hannu biyu ya ajiye a gabana ya ce, "Oga, ga kayanka." Na ce na zubar ne, tasa ce. Bai sake kallonta ba. Ya ɗaga baronsa da tayarsa ta lanƙwashe, ya ja shi yana ɗingishi har ya sha kwana.

Faɗan da nake gudu kuwa na sha shi ninki ba ninki. Matata ta yi mini, Mama ta dawo ta ɗora nata, ta ce na mai da ita abin labari a garinsu har jikoki. Muka sayo mata sabuwar kula, matata ta cika ta da kunun tsamiya na gaskiya, Mama ta buɗe a gabanmu ta zura ludayi har ƙasa kafin ta yarda ta sha. Kafireta sun dawo sun yi duhu saboda daɗewa a ruwa, amma cikinsu fes. Na ɗaura su, na haɗa wayoyi, na zuba fetur. Ranar da na danna maɓallin tayar da shi ya yi tari, ya sake tari, sannan ya ɗauka da wata irin ƙara da ta sa tantabarun layin tashi, mutane suka cika get suna tafi. Da yawansu fuskokin ranar Asabar ɗin nan ne. Na daɗe ina jiran wannan ƙara, amma da ta zo sai na sami kaina ina duban gefen get inda mutumin ke tsayawa. Tun ranar bai sake bi ta layinmu ba.

Na hau babur ɗin na shiga nemansa. Na tambayi 'yan bola a hanyar Karshi, suna ganina sai su ɗaure fuska su ce ba su san shi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da ƙyar wani ya kwatanta mini wata fanteka a bayan Mararaba. Can na same shi a zaune cikin tarin ƙarafa yana ware alminiyam. Tun daga nesa ya ji ƙarar, ya miƙe. Bai dube ni ba, babur ɗin ya duba. Na kashe injin na sauka na yi masa sallama. Ya amsa, ya yi ɗan murmushi, na ga giɓin da aka yi masa. Ya ce, "Ashe ya tashi, Oga." Na ce ya tashi. Ya zagaya shi a hankali, ya duba tankin, ya sunkuya ya leƙa kafireta, ya jinjina kai. Sai na lura duk zagayen nan da yake yi, hannuwansa biyu na harɗe a bayansa, ya riƙe su gam. Na miƙa masa makulli na ce, "Malam, ai kai tsohon direba ne, hau ka ɗan zaga da shi." Ya ja da baya. Na ce to ko taɓa shi ma ka yi. Ya ce, "A'a, Oga. Daga nan ma ina gani."

Na yi ta roƙo, bai taɓa ba. Muka yi sallama na taho, kuma ban ji daɗin tuƙin ranar ba ko kaɗan.

Babur ɗin yana nan har yau, ina hawansa, yarana suna alfahari da shi. Amma abin da wannan rana ta koya mini ya fi duk abin da na koya a kan inji. Na gane cewa zato ba ya zama a cikin zuciya shi kaɗai, da ka furta rabinsa sai wasu su ƙarasa maka shi da hannuwansu. Na gane kuma tsakanin "na gani" da "ina jin shi ne" akwai ran mutum. Kalma ɗaya na riƙe ranar, Allah Ya sa ta tsare mutumin daga taya da fetur, amma wadda na saki tun da safe ta ci masa haƙori, ta kuma hana shi taɓa abin da yake ƙauna. Tun daga lokacin, in abu ya ɓace mini, kaina nake fara bincika kafin in dubi bakin get. In kuma wani ya tsaya yana kallon babur ɗina, sai in matsa gefe in ce masa ya matso ya gani da kyau.